A duba min takardar ɗaukar aikin nan kafin ranar Litinin

Ɗan Kabi: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema wajen manya. Alhamdu lillahi an kira ni aiki a wani kamfanin casar shinkafa a nan jiharmu, a matsayin mai kula da sito. Tun da na gama bautar ƙasa nake zaune sai 'yan buge-buge, don haka kun san yadda na ƙosa. Da na je sai aka miƙo min takarda mai shafi huɗu, duk da Turanci, aka nuna min inda zan sa hannu. Na roƙi alfarma a bar ni in tafi da ita gida zuwa Litinin. Jami'in ya ɗan ɓata rai, amma ya ba ni kwafi.

Ga abubuwan da suka tsaya min a rai. An rubuta albashi naira 120,000 a wata, ba a ce ko shi ne zai shigo hannuna ba. Akwai gwaji na wata shida. Duk abin da ya ɓata a sito daga albashina za a cire. Zan kawo ainihin takardar babbar difloma ta su ajiye, da garanto biyu, ɗaya ma'aikacin gwamnati. In zan bar aiki sai na ba su notis na wata uku, su kuwa za su iya sallamata duk ranar da suka ga dama. Mahaifina ya ce in sa hannu kawai, kada in yi wa kaina baƙin jini tun ban fara ba. Me kuka gani?

Mai Albasa Aliero: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri ƙanena. Ni dai ina bayan Baba. Mutum nawa ne ke yawo da takardu a Birnin Kebbi ba su samu ko na dubu hamsin ba? Da babu gara ba daɗi. Ka shiga tukuna, in ka zauna ka san mutane sai ka nemi gyara.

Barista Yauri: Allah ya sa albarka a ciki. Malam Mai Albasa, na fahimci tausayin da ya sa ka faɗi haka, amma gyara bayan sa hannu abu ne mai wuya ƙwarai. Kafin ya sa hannu su ma suna buƙatarsa, sun yi intabiyu sun zaɓe shi. Bayan ya sa hannu kuwa, duk abin da ya kawo za a buɗe fayil a nuna masa sunansa a ƙasan takarda, kuma kotu ma takardar za ta fara dubawa.

Ɗan Kabi, bari in ɗauki waɗanda doka ta yi magana a kansu kai tsaye. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 5, ta hana mai aiki cire wa ma'aikaci kuɗi da sunan tara. Ta yarda a cire wani abu daidai gwargwado idan an yi asara saboda ganganci ko sakacin ma'aikacin, amma sai jami'in ƙwadago ya amince a rubuce tukuna. Kuma duk cire-ciren da za a yi a wata ɗaya bai kamata ya wuce kashi ɗaya bisa uku na albashin watan ba. Ka ga ke nan jimlar da ta ce "duk abin da ya ɓata" ta yi faɗi da yawa. Ba ta bambanta sakacinka da satar wani ba.

Batun notis kuma sashe na 11 ne. Mafi ƙarancin abin da kowane ɓangare zai ba ɗan'uwansa shi ne kwana ɗaya in aikin bai wuce wata uku ba, mako ɗaya daga nan zuwa ƙasa da shekara biyu, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, sai wata ɗaya ga wanda ya kai shekara biyar. Ana iya yarjejeniya a kan fiye da haka, ana kuma iya biyan kuɗi a madadin notis. Amma a ce kai wata uku su kuma babu ko kwana ɗaya, wannan ba daidai ba ne. Kora nan take tana nan ga wanda ya yi babban laifi kamar sata, wannan daban. Ka nemi a daidaita, wata ɗaya kai, wata ɗaya su.

Mai Albasa Aliero: Barista, duk wannan a takarda yake. Wa zai kai kamfani ƙara a kan albashin wata ɗaya? Kuɗin lauya ma ya cinye shi.

Barista Yauri: Shi ya sa nake so a gyara tun yanzu da ba ya buƙatar lauya, baki kawai zai buɗe. Kuma ba kowace rigima ke zuwa kotu ba. Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya tana da ofis a kowace jiha, har da nan Birnin Kebbi, ana kai koke su kira mai kamfani a zauna. In ta ƙi ci ne ake zuwa Kotun Ma'aikata ta ƙasa, wadda tun gyaran tsarin mulki na 2010 ita ke da hurumin shari'ar aiki. A duka wuraren biyu tambayar farko ita ce ina takardarka.

Tsohon Sitokifa: Ƙanena, ni wannan aikin na yi shekaru a cikinsa, kuma maganar sito nake so ka saurara da kyau, domin nan ne ake kuka.

Shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, ba siminti ba ce, tana raguwa da kanta. Manomi zai kawo ta daga fadama da sauran danshi, a ɗora a sikeli a rubuta nauyi. Kafin a casa sai an busar da ita ta sauko wajen kashi 14 cikin ɗari na danshi. In ta shigo da kashi 20, buhu mai kilo 100 zai koma kamar kilo 93 ba tare da an taɓa ko ƙwaya ɗaya ba. Yanzu ka lissafa tirela guda. In a littafinka nauyin shigowa kawai aka rubuta, ba a rubuta danshin ranar ba, ranar da masu bincike suka zo wa za a ce ya ci bambancin? Ban da ɓera, ban da buhun da ya fashe wajen lodi, ban da ƙasa da tsakuwa da ake tankaɗewa.

Saboda haka ka tambaye su, kashi nawa suka yarda da shi a matsayin raguwa ta al'ada, kuma a rubuta shi. Ka tambayi mutum nawa ke riƙe da makullin siton. In manaja yana da nasa, mai gadi yana da nasa, to bai kamata a ce kai kaɗai ke da alhaki ba. Sannan ranar da za ka karɓi aiki, kada ka karɓi makulli sai an ƙirga kaya buhu-buhu a gabanka, da kai da wanda zai miƙa maka da wani na uku, kowa ya sa hannu, ka riƙe kwafinka. Za su ce maka ai lissafin yana cikin kwamfuta, ka ce ka gode amma a ƙirga. Na ga yaron da ya gaji giɓin buhu masu yawa daga wanda ya gabace shi, aka yi ta yankar albashinsa har ya gudu ya bar aikin, alhali ko tsinke bai ɗauka ba. Kuma kowane buhu zai fita, ko mai kamfani ne da kansa ya aiko a ba wani, sai da takardar fitarwa mai sa hannu. "Oga ya ce" ba ya shiga littafi.

Ɗan Kabi: Allah ya saka da alheri Yaya. Wallahi maganar danshin nan ko kusa ba ta zo min a rai ba. Zan rubuta tambayoyin nan.

Akawu: Bari in taɓa ɓangaren kuɗi. In takarda ta ce 120,000 ba ta ƙara komai ba, ka ɗauka jimla ce kafin cire-cire. Ka nemi a rarraba maka: nawa ne tushen albashi, nawa ne na gida, nawa ne na sufuri, nawa ne sauran alawus.

Dalili shi ne fansho. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci yana zuba kashi 8, mai aiki ya zuba kashi 10, a kan aƙalla tushen albashi da kuɗin gida da na sufuri, kuma ta wajaba a kan kamfani mai ma'aikata 15 zuwa sama. Mu ƙaddara waɗannan ukun sun kama 100,000 a cikin naka. Za a cire maka 8,000, kamfani ya ɗora 10,000 daga aljihunsa. Ka tabbatar goman nan tasu ba a cusa ta cikin 120,000 ɗin ba, domin wasu haka suke yi don adadin ya yi kyau a ido.

Sai haraji. A sabuwar dokar da ta fara aiki a Janairun 2026, naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kai, abin da ya biyo baya har zuwa miliyan uku kuma kashi 15 ne. Naka a shekara 1,440,000, a cire fansho 96,000, saura 1,344,000. A cire 800,000, saura 544,000. Kashi 15 na wannan 81,600 ne, wato 6,800 a wata. Ke nan abin da zai shigo maka wajen 105,200 ne. In kana biyan haya ka gabatar da rasit, akwai rangwamen da ake yi a kai, harajin zai ƙara sauka. Da wannan adadin za ka yi lissafin haya da abinci da kuɗin mota, ba da 120,000 ba.

Abu ɗaya kuma. In sun fara cire fansho, ka riƙa duba saƙon kamfanin fanshonka. Doka ta ce a tura kuɗin cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Akwai masu cirewa su riƙe, sai mutum ya bar aiki ya tarar da asusu wayam.

Maman Sultan: Ni maganar takardar makaranta ce ta tayar min da hankali. Don girman Allah kada ka ba su ta ainihi. Ƙanwata ta yi aiki a wani asibiti mai zaman kansa, suka karɓi takardarta ta ungozoma suka ce ajiya ce kawai. Da gwamnati ta buɗe ɗaukar ma'aikatan lafiya aka kira ta tantancewa, aka ce kowa ya zo da takardunsa na ainihi. Ta je karɓa, yau a ce mai makullin ya yi tafiya, gobe a ce sai ta kawo wadda za ta maye gurbinta. Tana kuka a ɗakina har ranar tantancewar ta wuce. Sai da mijina ya haɗa da manya kafin a fito da ita, a cikin wata ambulan da ruwa ya taɓa, gefe ɗaya duk ya yi tabo. Ka kai musu su gani da idonsu, su ɗauki hoto, su rubuta wa makarantar su tabbatar in suna shakka. Amma ka dawo gida da abinka.

Barista Yauri: Na goyi bayan Maman Sultan ɗari bisa ɗari. Babu dokar da ta wajabta wa ma'aikaci ajiye takardar karatunsa wajen mai aiki. Sun riga sun nemi garanto biyu, wannan ya isa jingina. In har suka kafe kuma ka ga ba za ka iya barin aikin ba, mafi ƙaranci su ba ka takardar shaidar karɓa mai hatimin kamfani, da lambar takardar a jiki, da alƙawarin mayarwa cikin kwanaki kaza duk ranar da ka nema. Amma ni shawarata ita ce a ƙi.

Baba Mai Ritaya: Yaro, Allah shi yi maka albarka da kad dawo gida da takardag ga ba ka sa hannu ba. Mahaihinka ba laihi garai ba, tsoro shikai kar abin shi kuɓuce. Ka zauna da shi ka karanta mai da Hausa, layi-layi, za ya gane.

Ni zancen garanto nika son yi, don mu ne aka zaka ma da fom ɗin. Yara suna ɗauka sa hannu ne kawai na sanayya. Ba haka ba ne. Wanda yat tsaya maka, in anka ce dukiya ta ɓata, ƙohwar gidanai za a buga. Kahin in sa ma kowa hannu sai na ga abu biyu cikin fom: iyakar kuɗɗin da za a iya bina, da ranar da tsayawata za ta ƙare. In babu su, ko ɗan cikina ne ba ni sawa. Ka duba naka fom ɗin tun yanzu, kada ka kai ma bawan Allah abin da za ya hana shi barci. Kuma ran da kab bar aikin, ka amso takardar da ta ce an sallami masu tsaya maka.

Ɗan Kabi: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Na duba fom ɗin yanzu, babu iyakar kuɗi, an ce "duk asarar da ta faru". Kawuna nake niyyar kai wa, kuma shekara biyu ta rage masa ya yi ritaya.

Baba Mai Ritaya: To ka gani. Kada ka kai mai shi haka nan.

Ɗan Zuru: Sannunku da ƙoƙari. Ɗan'uwa, ka duba saman takardar da kyau, sunan wa ke jiki? Ni direba ne. Na yi aiki a wani kamfani ina sa rigarsu, ina jan motarsu, manajansu ke ba ni umarni. Ranar da na yi hatsari a hanyar Koko na karye a ƙafa, sai aka ce ai ni ba ma'aikacinsu ba ne, na wani ejan ne da ya kawo mu. Ejan ɗin kuma ya ce kamfani ne ya kamata ya biya. Ina kwance suna jifa da ni tsakaninsu, 'yan'uwa da mutanen cocinmu ne suka haɗa kuɗin asibiti. Wurin injin casa akwai bel, akwai tukunyar turara, akwai buhunan da aka jera har rufi. Ka tambaya tun yanzu, in wani abu ya same ka a bakin aiki, wa ke da alhaki.

Barista Yauri: Sannu Ɗan Zuru, Allah ya ƙara lafiya. Wannan tambaya ce babba. Akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta ɗora wa mai aiki zuba kashi 1 na jimlar albashin ma'aikatansa a asusun NSITF, wato hukumar gwamnatin tarayya mai kula da inshorar ma'aikata, daga nan ake biyan wanda ya ji rauni ko iyalan wanda ya rasu a bakin aiki. Ba a cire wannan daga albashin ma'aikaci. Dokar fansho kuma ta wajabta inshorar rai ta aƙalla ninki uku na albashin shekara. Ɗan Kabi, ka tambaya ko sun yi rajistar duka biyun. Kamfanin da ya yi ba zai ji haushin tambayar ba.

Malam na Gwandu: Bismillah. Ina so in cire wa ɗanmu wani nauyi, domin na ga kamar ana ganin tambaya rashin kunya ce ko rashin tawakkali. A fiƙihu wannan babin ijara ne, wato ɗaukar mutum aiki a kan lada, kuma malamanmu sun sharɗanta a san aikin, a san ladan, a san muddar. Jahilci a cikin waɗannan yana ɓata ƙulli, domin shi ke haifar da husuma. Ku duba ƙissar Annabi Musa, alaihis salam, a Madyana: an faɗa masa shekara takwas, in ya cika goma daga gare shi ne, shi kuma ya amsa da cewa duk wadda ya cika a cikin biyun babu ƙetare haddi a kansa. Annabi ne, da mutumin kirki yake magana, amma sai da aka fayyace.

Sai dai ina jan kunnenka ta ɗaya gefen. In ka sa hannu, ya zama alƙawari, kuma an umarce mu da cika alƙawari. Kada ka karɓi sharaɗin wata uku da niyyar in ka samu wani aiki ka sulale cikin dare. Abin da ka san ba za ka iya cikawa ba, ka faɗa yanzu.

Mai Albasa Aliero: Allah ya gafarta Malam, na karɓi wannan. Amma har yanzu tsorona ɗaya ne. Yaro ya shiga ofis da jerin tambaya goma, su ce wannan ɗan rigima ne, su kira na bayansa. Wa zai ba shi wani aikin a cikinmu?

Anti Mai Ofis: Tsoronka yana kan hanya Malam Mai Albasa, kuma ni a ɓangaren ɗaukar ma'aikata nake aiki, don haka bari in faɗi yadda muke gani daga ciki. Yawancin takardun nan ba a zauna an rubuta su don mutum ɗaya ba. Tsohon kwafi ne ake canja suna da adadi, wani lokaci jami'in da ya miƙa maka shi kansa bai karanta shafi na uku ba. Wanda ya zo da ladabi ya ce "ranka ya daɗe, ina son aikin nan, wurare uku ne nake roƙon a duba min", ba ma ganinsa ɗan rigima. Ga mai kula da sito ma, wanda ke karanta takarda kafin ya sa hannu shi muke nema, domin gobe takardun kayanmu zai riƙa sa wa hannu.

Amma kada ka je da goma, kuma kada ka je kana ambaton sashe kaza na doka, nan ne za a ji tsoronka. Ka ware waɗanda za su iya cutar da kai har bayan ka bar aikin: takardar makaranta, cire kuɗin asara, da iyakar garanto. Waɗannan ka tsaya a kansu. Notis ka roƙa, in an ba ka to. Sauran kuwa tambaya ce kawai ta neman sani.

Gwajin wata shida ba baƙon abu ba ne, Dokar Ƙwadago ba ta yanke masa tsawo ba. Abin da za ka tambaya shi ne cikakken albashi za a biya ka a lokacin ko ragi, kuma ranar da ya cika za a ba ka takardar tabbatarwa. In wata shida ya cika aka yi shiru, ka rubuta takardar tuni ka riƙe kwafi. Ka duba kuma ko takardar ta ambaci wani littafin ƙa'idojin ma'aikata. In ta ce ka amince da abin da ke cikinsa, to ka nemi a ba ka shi, domin ya zama ɓangaren yarjejeniyar. A can ake ɓoye lokutan aiki, kuma a kamfanin shinkafa in kaka ta yi ana kai wa dare ana sauke motoci. Ka ji ko ana biyan kuɗin ƙarin lokaci. Ka ji maganar Juma'a da hutun mako. Hutun shekara a doka aƙalla kwana shida ne na aiki bayan wata goma sha biyu, na rashin lafiya kuma har kwana goma sha biyu a shekara da takardar likita, amma kamfanoni da dama suna ba da fiye da haka.

Abu na ƙarshe: duk alƙawarin da aka yi maka da baki a intabiyu, ɗaki ne, abincin rana ne, ƙarin albashi bayan gwaji ne, in ba ya cikin takarda ka roƙa a ƙara shi ko da layi ɗaya ne. Manajan da ya yi maka alƙawarin ana iya canja masa wurin aiki gobe.

Ɗan Kabi: Jama'a na dawo daga wajensu. Na bi shawarar Anti. Takardar makaranta sun yarda su gani su ɗauki hoto kawai. Cire kuɗi an gyara da biro, an rubuta sai bayan bincike ya nuna sakacina ne, ni da jami'in muka sa hannu a gefen gyaran. Sun yarda da ƙirga kaya ranar karɓar makulli. Notis sun ce wata ɗaya kowane ɓangare bayan gwaji, a cikin gwaji mako ɗaya. Fom ɗin garanto ne suka ce ba su da ikon taɓawa, sai an tambayi lauyansu, don haka ban kai wa kawu ba tukuna. Maganar raguwar danshi kuma manajan ya ce suna da na'urar awo, zai nuna min yadda suke rubutawa.

Tsohon Sitokifa: Madalla. Ka sayi littafinka na kanka ban da na kamfani, kowace mota ka rubuta lambarta da nauyi da danshi.

Barista Yauri: Gyaran biro yana aiki tunda kun sa hannu ku biyu, amma ka tabbatar kwafin da ke hannunka ma yana ɗauke da gyaran da sa hannun, ba nasu kaɗai ba. Garanto kuma ka ba su shawarar adadi da kanka, misali albashinka na shekara ɗaya, ya fi sauƙi su ce to a kan su ƙirƙiro.

Malama Jega: Ku yi haƙuri in shigo da tawa, tunda masana suna nan. Ina koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta, shekara ta biyu ke nan, ba a taɓa ba ni ko takarda ɗaya ba. Albashi 30,000, in an yi dogon hutu ba a biya, a ce ai ɗalibai ba su biya kuɗin makaranta ba. Ga shi ina da juna biyu. Na ji an ce mafi ƙarancin albashi a Kebbi 75,000 ne. Ina da wani haƙƙi kuwa?

Akawu: Malama, 75,000 ɗin da Gwamna Nasir Idris ya amince da shi a 2024 na ma'aikatan gwamnatin jiha ne. Na ƙasa baki ɗaya 70,000 ne tun Yulin 2024, shi ne ya shafi masu zaman kansu, amma dokar ta cire wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ki ƙirga ku nawa ne, har da masu gadi da masu shara.

Barista Yauri: Malama, rashin takarda bai sa ki zama ba ma'aikaciya ba, yarjejeniyar baki ma yarjejeniya ce, wahalarta wajen kafa hujja ne. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya ce a ba ma'aikaci bayanin sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata uku ya wuce da farawa. Sashe na 54 ya ba mai ciki mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta, da aƙalla rabin albashi in ta yi wata shida tana aiki, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa in ta dawo. Sai dai dokar ta fi kare masu aikin ƙarfi da na akawu, ta cire masu aikin gudanarwa da na ƙwararru, kuma mai makaranta zai iya jayayya cewa malamai suna cikin waɗanda aka cire. Wannan ya sa takarda ta fi muhimmanci a gare ki fiye da kowa a nan.

Kada ki jira cikin ya tsufa. Ku haɗu ku biyu ko uku cikin malamai ku same shi cikin mutunci, ku roƙi takarda ko da shafi ɗaya ce, mai ɗauke da ranar da kowa ya fara, albashi, matsayin watannin hutu, da hutun haihuwa. In ya ce babu lokaci, ki tura masa saƙo ta WhatsApp ki rubuta abin da kuka yi magana a kai, ki roƙe shi ya tabbatar. Dokar shaida ta 2011 ta yarda da irin waɗannan saƙonni a kotu. Ki adana su tare da alat ɗin banki na kowane wata.

Malama Jega: A hannu yake biyanmu Barista, muna sa hannu a wani littafi da ke ofishinsa.

Barista Yauri: To daga wannan watan ki roƙa a riƙa tura miki ta banki. In bai yiwu ba, ki ɗauki hoton shafin littafin duk ranar da kika sa hannu, yadda sunanki da adadin da kwanan wata za su fito sosai.